Dada Mai Bandar Kifi da Hoton Huhuna

Ranar Talata da hantsi Dada ta cika, a ɗakinta da ke gidanmu na unguwar Barade, kanta a kan cinyar ƙanwarta. Kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabarta. Dada uwar mijina ce, kuma haka kowa yake kiran ta, daga 'ya'yan cikinta har masu tura baro a kasuwa.

Mun san za a yi jama'a. 'Yan'uwanta sun taso daga Lau mota guda, matan layin kifi sun rufe rumfunansu sun zo da ƙamshin hayaƙi a zannuwansu. Abin da ba mu yi tsammani ba shi ne wasu mata matasa da suka yi ta sallama, wata da goyo, wata tana riƙe da hannun ɗan yaye, babu wadda dangi suka sani a cikinsu. Su durƙusa su yi gaisuwa, su nemi gefen tabarma su zauna, sai hawaye. Ƙanwar Dada, wadda muke ce wa Yafendo, ta matso kusa da ni ta ce, "Waɗannan kuma dangin wa ne? Naku ne?"

Kafin in ba ta amsa, wata mata da ta zo daga unguwar Mayo Gwoi, da ɗan gicciye a wuyanta, ta ji tambayar. Ta kwance goyonta ta ɗaga yaron sama yadda kowa zai gani.

Da Hausarta ta 'yan koyo ta ce, "Mama ne ya kai ni asibiti. Ina da cikin wannan, ina tari, mijina ya ce mura ne kawai. Mama ya kama hannuna a kasuwa, ya ce sai an duba bayana. Ni ban ma san sunansa ba, kifi kawai nake saya."

Yafendo ta riƙe haɓa. A rana ta biyu kuma wata likita ta shigo, ta cire takalmi tun daga zaure, ta ƙi kujerar da aka miƙo mata, ta zauna a ƙasa cikin mata. Da muka haɗa ido ta matso ta riƙe hannuna. Dangin Lau suka yi ta kallon mu. Su Dadar da suka sani mai bandar kifi ce, mai faɗa, wadda ko allurar rigakafi sai an yi rigima da ita. Don su da jikokinta nake rubuta wannan, domin labarin daga kaina ya fara.

A Lau aka haife ta, a bakin kogi ta girma. Aure ya kawo ta Jalingo, mijin ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, ta koma sana'ar gidansu. Ana kawo mata ɗanyen kifi, ta gyara, ta lanƙwasa, ta jera a kan waya a bayan gida, ta tsugunna a gaban hayaƙi tana juyawa. Idanunta kullum jajaye ne, kuma tana da wani ɗan tari da muka saba da shi har ya zama kamar sallamarta. Kana jin sa daga zaure ka san ta dawo.

Ba ta sauraren magana da yunwa. Ko ƙara ka kawo, ko albishir, ko rasuwa, sai ta tura maka kwano ta ce, "Ci tukuna." An taɓa kawo mata ƙarar ƙanin mijina, mai ƙarar ya shigo yana huci, ta ajiye masa tuwo da miyar kifi, kafin ya kai ƙarshen malmala rabin fushin ya tafi. Mijina ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunansa ba, kuma ba ta yi masa magana ido da ido. Direban babbar mota ne, sai ta ce "mai motar nan". Ni kuwa da yake ina koyarwa a firamare, tun ranar da aka kawo ni ta raɗa mini Malama, kuma yadda take jan kalmar kana jin akwai 'yar tsokana a ciki. Idan na gyara mata lissafin kwanan wata ko na karanta mata takardar magani, sai ta ce, "To, Malama ta yi magana, sai mu yi shiru."

Ba mu fara da daɗi ba. Ita mace ce mai son a yi abu yadda ta gada, ni kuma bakina ba ya shiru. Amma abu ɗaya ba zan manta ba. Sau biyu ina yin ɓari, dangi suka fara 'yan maganganu a gefe, Dada ba ta taɓa sa baki ba. A ɓarin farko ita ta wanke mini zannuwa da hannunta, ta hana kowa taɓawa.

Wannan ɓarin na farko shi ya dasa mini tsoron da ya kusa kashe ni. Keke mai ƙafa uku ya kife da mu a kusa da gadar Mayo Gwoi, haƙarƙarina ya bugu, aka ɗauki hoton ƙirjina a asibiti, alhali ban san ina da ƙaramin ciki ba. Ba a daɗe ba cikin ya zube. An faɗa mini buguwar ce, ko kuma dama can ba mai zama ba ne, amma ni zuciyata ta riƙe hoton. Na yi wa kaina alkawari, in dai da ciki a jikina, babu mai sake tsayar da ni a gaban wannan ƙarfen.

Da na sami ciki na uku sai na zama kamar mai ɗauke da ƙwai a tafin hannu. Na fara zuwa awo da wuri, aka yi mini sikanin, wato hoton ciki na na'urar da ake shafa wa mace mai a mara a goga. Shi ban ji tsoronsa ba, don an ce da sauti yake aiki. Na dawo gida da 'yar takardar hoton ina murna, na same ta a bayan gida tana juya kifi, na miƙa mata.

"Dada, ga jikanki."

Ta kawar da kai kamar na nuna mata tsiraici. "Ɗauke mini. Abin da Allah Ya rufe da hannunSa ku ne za ku je ku leƙa? Shi bai iya buɗewa ba ne in lokaci ya yi?"

Na ce, "Lafiyarsa aka duba."

"Mu da muka haifi namu wa ya leƙa mu?"

Sai bakina ya suɓuce na ce, "Ai shi ya sa uku suka mutu a cikin naki."

Ta tsaya da kifi a hannu, ta dube ni, ta ci gaba da juya kifinta. Na ba ta haƙuri a ranar, ta ce ya wuce, amma ta daɗe ba ta ce mini Malama ba, sai dai "ke". Abin da bai canza ba shi ne kwanon romon kifi da nake tararwa a ƙofar ɗakina kowace safiya, a rufe da faifai.

A haka korona ta shigo. Aka rufe makarantu, aka rufe iyakokin jihohi, mijina ya maƙale a kudu da motarsa. Cikina yana wata na bakwai, damina ta sauka, na fara mura da zazzaɓi da tari busasshe. Na ce sanyin damina ne. Numfashina ya fara gajarta, na ce nauyin ciki ne, ai kowace mai ciki tana haki. Gaskiyar magana na san akwai wani abu, tsoro ne ya hana ni faɗa. A lokacin duk wanda aka ce yana da wannan ciwo ɗauke shi ake yi a killace, unguwa kuma ta riƙa nuna gidan da baki.

Wata rana da rana ina zaune a bakin murhu, miya ta kama har ta ƙone, hayaƙinta ya kai bayan gida. Dada ta taho da sauri ta sauke tukunyar.

"Ke, ba ki ji ƙauri ba?"

Na ce ban ji ba. Ta ɗauko busasshen kifi ta kai mini hanci, ban ji komai ba. Ta tsugunna a gabana, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Karanta mini Fatiha."

Na fara. Ban kai rabi ba na tsaya ina neman iska.

Ta miƙe ta ɗauko mayafinta ta ce, "Na ga masu ciki da yawa. Hakin ciki ba ya hana mutum Fatiha. Tashi."

Na ce ba zan je ba. Na ce za su tsare ni, za su yi mini hoton ƙirji, cikin nan ma zai tafi. Na yi kuka na riƙe ƙyauren ɗaki. Dada ba ta yi gardama da ni ba. Ta fita titi da kanta ta tsayar da keke, ta dawo ta ɓamɓare yatsuna daga ƙyauren ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "In sun tsare ki, tare za su tsare mu."

A asibiti aka ba mu takunkumi, aka kai mu wani ɗaki a gefe. Likitar da ta zo mace ce, ba ta girme ni ba, an rufe ta ruf da riga da safar hannu da gilashi, idanunta kawai ake gani. Ita ce wadda ta zo ta zauna a ƙasa ranar ta'aziyya. Ta maƙala mini wani ɗan abu a yatsa, ta dubi lambar da ya nuna, ta ce iskar da ke jinina ta yi ƙasa. Ta saurari bayana, ta ce tana so ta san yadda huhuna yake kafin ta san abin yi. Za a ɗauki majinar hancina a gwada, amma sakamakon yana ɗaukar kwanaki, ita kuma ba ta da kwanakin jira.

Na ce, "In hoton ƙirji ne, ba zan yi ba."

Ta yi mini bayani a hankali, cewa hasken hoton ƙirji guda ɗaya kaɗan ne, kuma akan rufe ciki da wani abu mai nauyi. Na ce na ji, amma ba zan yi ba. Na fara laluben takalmina.

Sai ta ce, "Tsaya. An taɓa yi miki sikanin na ciki?"

Na ce an yi.

"To da wannan na'urar zan duba huhunki. Ita ɗin dai, babu hasken komai. Maimakon mara, a baya da haƙarƙari zan goga. Ko tashi daga gadon nan ba sai kin yi ba."

Aka turo na'urar a kan ƙafafunta. Ita ce kuwa, na gane ta. Amma mai tsoro ba ya gane gaskiya. Ban taɓa jin an duba huhu da na'urar ciki ba, sai na ɗauka dabara ce, an canza wa abin suna ne don a lallashe ni. Na ce ƙarya ne, ni gida zan tafi.

Dada tana tsaye a jikin bango duk wannan lokaci. Sai na ji ta ce, "Likita, wannan abin yana cizo ne?"

"Ba ya cizo, Mama. Sanyin mai kawai za a ji."

"To fara da ni."

Ta ajiye mayafinta, ta zauna a bakin ɗaya gadon, ta ɗage rigarta har wuya, ta juya mana baya. Wanda bai san Dada ba ba zai gane girman wannan ba. Matar da ko ɗankwalinta ban taɓa ganin ya zame ba, matar da ta yi fushi da ni a kan wannan na'urar, ita ce ta buɗe bayanta a gaban surukarta da baƙuwa. Na ga ƙasusuwan bayanta, na ga wani tsohon tabon ƙuna a kafaɗa. Na sunkuyar da kai don kunya, ta ce, "Ɗago ki kalla, ai don ke ake yi."

Likita ta shafa man, ta ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari biyu, ta juyo mini da allon, Dada ma tana waiwaye tana kallo. Ta nuna mini wani farin layi a kwance yana ɗan zamewa gaba da baya duk lokacin da Dada ta ja numfashi, da wasu layuka a kwance a ƙarƙashinsa, jere kamar matakala. Ta ce haka huhu mai iska yake. Da ta gangara ƙasan bayan sai ta yi jim, ta sake gogawa, ta ce, "Mama, ke ma muna da magana."

Dada ta sauke rigarta ta ce, "Ni ba ni da ciki. Duba mai ciki."

Na zauna na ba da bayana. Dada ta tsaya a gabana ta riƙe kafaɗuna, na jingina goshina a ƙirjinta, da takunkuminmu da komai. Likita ta bi bayana dama da hagu, sama da ƙasa, ta bi haƙarƙarina. Ni ban ga allon ba, Dada ce take gani. Na ji hannunta ya ƙara matse ni.

Ta ce, "Nata ba irin nawa ba ne. Wannan ai ruwa ake yi."

Da na juya na ga abin da take nufi. Babu matakalar nan. Wasu fararen layuka ne suke saukowa daga sama har ƙasan allon, kamar ruwan sama in ka hango shi daga nesa yana zuba a kan dutse. Layin da ke kwance kuma ya yi kaca-kaca kamar bakin tsohon zane. Likita ta ce ciwon ya sauka huhu, duka ɓangarorin biyu. Ta ce na'urar ba za ta faɗi sunan ƙwayar cutar ba, wannan aikin gwajin hanci ne, amma ta nuna mata abin da take bukata: ba zan koma gida ba, kuma iskar oksijin za a sa mini yanzu.

Kafin ta goge man ta zaga da kan na'urar zuwa marata. Dada ta yi sauri ta juya fuskarta bango. Sai ɗakin ya cika da wani sauti mai sauri, bugun zuciyar abin da ke cikina. Dada ba ta juyo ba. Daga bangon ta ce, "Yana motsi?"

"Yana motsi, Mama."

"Alhamdu lillahi. Kada ki faɗa mini komai bayan wannan."

Har ta koma ga Allah ba ta taɓa kallon hoton jariri a ciki ba. Na taɓa tsokanar ta a kan haka, ta ce, "Huhu naki ne, kina da ikon a duba miki. Wancan kuwa baƙo ne, ba a leƙa baƙo kafin ya yi sallama."

Ba su tsare mu tare ba. An gwada ta ita ma, aka ce ta koma gida ta zauna ita kaɗai. Ta zauna har sakamakonta ya fito babu komai, nawa kuma ya fito da abin da ake zargi. Daga ranar ta tare a gindin wata bishiyar maina da ke bayan ɗakin da aka kwantar da ni. Daga taga ina hango ta, da tabarmarta da butarta da kwanon romo, wanda ma'aikata suke karɓa su juye mini a wani mazubi. In ruwa ya sauko ta koma ƙarƙashin baranda, in ya ɗauke ta dawo. Kusan kullum likita takan turo na'urar ta sake duba bayana, in ta fito Dada ta tare ta daga nesa.

"Likita, ruwan ya ɗauke?"

Akwai ranar da bai ɗauke ba, ƙaruwa ma ya yi. Layukan suka haɗe suka zama fari fat kamar labule, aka ƙara mini iska, aka kwantar da ni a gefe da matasai. Likita ta gaya mini cewa in abin ya ci gaba, wataƙila sai an ciro jaririn kafin lokacinsa don huhuna ya sami sarari, kuma a watannin da yake ba ta da tabbacin zai rayu. Na ce a bar shi, ko me zai same ni. Abin da ya faru a waje kuwa ban sani ba sai ranar ta'aziyya, da likitar ta riƙe hannuna ta ba ni labari.

Ta ce ta fita ta sami Dada a gindin bishiya, ta yi mata bayani, tana tsammanin tsohuwa za ta roƙe ta a kan jikan da ta daɗe tana jira. Dada ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Likita, wanda ke ciki ban san shi ba. Wannan kuwa na san ta. 'Yar mutane ce aka ba ni amana. In abu ya zo ga zaɓi, ki fito mini da ita, ni zan yi wa mai motar bayani." Ta ce daga nan Dada ta tashi ta yi alwala, ta daɗe a kan tabarma.

Allah bai kai mu ga zaɓin ba. A hankali labulen ya fara yagewa, layukan suka rarrabu, suka ragu. Ranar da likita ta ga matakala ta fara dawowa a saman bayana, ba ta jira ta fita ba, ta buɗe taga ta ɗaga murya, "Mama, ya fara ɗaukewa!" Na ga Dada ta miƙe, ta rasa abin yi, sai ta ɗauki butarta ta sake ajiyewa. Ta matso kusa da tagar iyakar inda aka yarda, ta ce, "Malama, me za ki ci?"

Cikin ya kai watanninsa. Mace na haifa, mijina ya dawo kafin suna, aka mayar da sunan Dada. Ita ta yi mini wankan jego, tana yi tana faɗa wai ban iya zama a ruwan zafi ba.

Daga nan Dada ta sami sabon aiki wanda babu wanda ya ba ta. Tana zaune a rumfarta, kunnenta yana kan masu saye. Mace mai ciki ta yi tari sau biyu a gabanta, sai tambaya: tun yaushe, akwai zazzaɓi, kina iya hawa tudu? In amsar ba ta yi mata ba, ta bar wa maƙwabciyarta rumfa, ta sa matar a keke. Korona ta lafa, Dada ba ta lafa ba, domin likita ta gaya mata mura mai tsanani ma tana sauka huhun mai ciki. Musulma ko Kirista, mai jin Hausa ko wadda sai da hannu, duk ɗaya ne. In matar ta ji tsoro sai ta ce, "Ni da tsufana an goga mini, ga ni ina sayar da kifi."

Ba kullum take yin daidai ba. Sau da yawa a duba a ga huhu lafiya lau, likita ta ce mura ce ta sama, a je a sha ruwan ɗumi a huta. Dada ba ta jin kunya, sai ta ce, "Madalla, yanzu mun sani." Wani magidanci ya taɓa biyo ta har gida yana faɗa, wai ta ɗauki matarsa ba da izininsa ba. Ta bar shi ya gama, ta tura masa kwano. Bai ci ba, ya fita yana ƙunƙuni, amma da matar ta haihu shi ya kawo goron suna da kansa. Akwai kuma wadda aka kai a makare, 'yar wani ƙauye a hanyar Lau, wadda ba ta tashi ba, ita da cikin. Dada ta dawo ta shiga ɗaki, ranar ko wutar banda ba ta hura ba.

Maganar da likita ta ce suna da ita kuwa, sai da aka kai ruwa rana kafin Dada ta yarda aka yi ta. An ƙara bincike, aka ce hayaƙin shekara da shekaru ya cinye mata huhu, dole ta bar banda. Ta ce to, ta ci gaba da abinta. Likita ta yi faɗa, mijina ya aike ni in roƙe ta, ta ce in ta bar wuta me za ta yi da hannuwanta. Sai da takwararta ta fara tafiya tana bin ta bayan gida tana tari, sannan ta miƙa wa 'yar Yafendo wayoyin bandar, ta tsaya ga sayarwa kawai. Likitar ta ce wannan ya ƙara mata shekarun da muka samu tare da ita.

A damina ta bana numfashin ya fara gagarar ta. An kwantar da ita a asibiti, an sallame ta, ta ce a bar ta a ɗakinta. Wata rana bayan azahar ina shafa mata man zafi a ƙafa, gidan shiru, na ga in ban faɗa yanzu ba ba zan sake samun dama ba. Tsakanin suruka da uwar miji akwai maganar da kunya ba ta bari a yi, amma na daure. Da ɗan Fillancin da na tsinta a bakinta na fara.

"Dada, mi yetti. Na gode. Da ba don ke ba da ni da yarinyar nan..."

Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Sai da ta huta, ta tara iska, sannan ta yi magana.

"Allah ne Ya yi, sai likita. Ni kaina na yi wa." Ta sake hutawa. "Duk gidan nan kowa to yake ce mini. Da kin tafi, wa zai riƙa yi mini gardama?"

Na yi dariya, hawaye yana zuba a kan ƙafarta. Ta ja ƙafar ta ce ina jiƙa mata zane.

Ya Allah, ga baiwarKa nan ta zo gare Ka da gajiyarta. Ka yafe mata, Ka yalwata mata makwanci, Ka ba ta iska mai sanyi wadda babu hayaƙi a cikinta. Mu da ta bari muna numfashi, Ka ba mu ikon yi wa wani abin da ta yi mana. Amin.